Ranar da Aka Yi Mini Kyautar Kayana

Jama'a, ku taya ni murna, yau na gaisa da Mai Girma hannu da hannu. Tun ƙarfe bakwai na safe aka jera mu a kan kujerun roba a filin ajiyar kaya na bakin tashar jiragen ruwa, mu fiye da ɗari biyu, rumfa guda ɗaya tak, ita ma ta manya ce. Aka ce zai iso ƙarfe takwas. Ɗaya saura kwata ya iso, da motoci goma sha ɗaya a bayansa, a makon da maƙwabcina Kosain ya yi yini biyu a layin mai kafin ya samu ɗan abin da zai zuba wa kekensa mai ƙafa uku ya kawo ni. Kafin isowar tasa wani mai lasifika ya sa mu gwajin tafi har sau uku, ya ce na biyun bai yi armashi ba, a sake. Na tafa. Wallahi na tafa har hannuna ya yi zafi. Ni Makalawan, da furfurata da shekara sittin da tara, na miƙe tsaye na tafa wa mutum don ya yarda ya miƙa mini kwalin da 'yata ta cika da guminta, ta rubuta sunana a jiki da hannunta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma dai an ɗauke mu hoto tare.

Ku yi mini haƙuri in koma baya, kada wani ya ce tsufa ne ya sa ni surutu.

Matata Kairon shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya. Duk wanda ka gani a unguwarmu yana iya karanta rubutun gaban jifni, motar hayarmu, kafin ya hau, ta hannunta ya bi. Da ta yi ritaya ba ta ɗauki gulma sana'a ba kamar sauranmu, littafi ta runguma. Da an yi azahar sai ta gyara ɗaurin zaninta na malong ta zauna bakin taga, in gidan zai kama da wuta sai dai wutar ta jira ta kai ƙarshen babi. Ni ban taɓa gane daɗin abin ba, jarida ta ishe ni, ita ma don in samu wanda zan zaga.

A watan Fabrairu likitan ido ya faɗa mana abin da muka daɗe muna tsoro. Ciwon sukari ya ci idanun, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana biye da shi. Mutumin kirki ne, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce magani zai rage wa abin gudu amma ba zai tsayar da shi ba, in akwai abin da take son gani, ta gan shi bana. Da muka fito na zaci za ta ce a kai ta bakin tafki ta ga gidan iyayenta. Sai ta ce akwai wani labari mai juzu'i uku, ta karanta biyu, na ukun an buga shi da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, ko da gilashin ƙara girma layukan haɗe mata suke yi. Shi take so ta gama, kuma da idonta. Wanda aka tauna wa abinci, in ji ta, ba shi ya ci ba. Likitan ne ya ba mu labarin wata na'urar karatu mai faɗin littafi, fuskarta tamkar takarda, ba ta kashe ido irin hasken waya, kuma ana ƙara wa haruffa girma yadda mutum ya ga dama. Ya ce da ita za ta iya, in dai an samo da wuri. Ku riƙe wannan "da wuri" ɗin, ni ban riƙe ba.

Na zagaye shagunan garinmu kaf. Wani ya kawo mini kwamfutar yara mai kukan agwagwa, wani ya rantse da iyayensa cewa yana da ita a sito, ya ɓace rabin awa ya dawo da sikelin awon gari. Ƙarshe dai na yi abin da kowane uba ke yi a ƙasar nan in abu ya gagara, na kira wadda ke ƙetare. Norhaya, 'yarmu tilo, shekara takwas ke nan tana aikin jinya a Kanada. Da ta ji bayanin likita sai ta ce za ta shiga shago ta kira mu ta bidiyo mu zaɓa tare.

Yammacinsu safiyarmu ce, don haka wayar ta same mu a baranda muna shan kofi, kuma a unguwarmu ba a kiran bidiyo daga ƙetare a ce na mutum biyu ne. Kafin a gama sallama Kosain ya tsallako katanga, Babo Sinab mai shagon kusurwa ta rufe shagonta ta taho. Norhaya ta ɗaga guda uku tana nuna mana. Kosain ya tambaya ko ana kira da ita, aka ce a'a. Ko tana ɗaukar hoto, a'a. Ko ana kallon dambe, a'a. Ya juyo ya ce mini, "Pagari, ɗan'uwana, an cuci 'yarka, wannan waya ce da ba a gama haɗawa ba." Babo Sinab ta dage a ɗauki wadda ruwa ba ya shiga saboda ambaliya, sai ka ce a cikin kwata Kairon za ta riƙa karatu. Ni baƙar na fi so, don ta fi kama da abin manya. Muka yi ta musu har mai shagon can ya gaji ya koma kujerarsa. Ita mai abin tana gefe, sai da muka yi shiru ta tambayi abu biyu: wacce ce haruffanta suka fi girma, wacce ce kuma za ta iya riƙewa hannunta bai gaji ba. Aka ɗauki babbar, mai maɓallan juya shafi a gefe. Nan take Norhaya ta saya, ta ce tana isa gida za ta zuba juzu'i na ukun a ciki.

"Abi," ta ce, "Litinin zan aiko ta jirgin sama. Kwana takwas tana hannun Omi." Abi da Omi, haka take kiranmu ni da uwarta.

Na dubi Kosain, na dubi Babo Sinab. Bara 'yar Babo Sinab da ke Riyad kwali biyu ta aiko, sai da maza huɗu suka kama kowanne, layin nan kaf muka sha cakulan har haƙoranmu suka yi ciwo. Yanzu kuma a ce saƙon Norhaya mai babur ne zai tsaya ƙofar gidana ya miƙo shi da hannu ɗaya kamar yankan burodi? Kafin la'asar labari ya zaga cewa an kore ta daga aiki, ko ta manta da dangi. Maratabat ɗin gidana fa, wato mutuncinsa a idon jama'a?

"Ki sa ta a kwali," na ce. "Gidan Makalawan ba a kawo masa ambulan."

"Abi, kwalin ko rabi bai kai ba."

"To sai ki cika shi."

Kairon ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Baban Norhaya, ido ba ya jiran kwali."

Na ce mata likita bana ya ce, bai ce gobe ba. Ita kuwa ba ta taɓa musu da ni a gaban mutane ba. Kosain ya jinjina mini, ya ce haka ake son namiji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na hau nawa tun yanzu ne don in hango na manya da kyau, domin nasu ma ba ƙaramin tudu ba ne.

Kun san dai kwalin balikbayan, wanda 'ya'yanmu na ƙetare ke cikawa su aiko gida ta jirgin ruwa, ba a rufe shi da sauran wurin sa yatsa. Da labari ya fita cewa Norhaya na haɗa kwali sai dangi suka farfaɗo, har waɗanda muka yi zaton sun mutu. Kowa ya taka farar takarda aka zana ƙafarsa da biro, aka ɗauki hoto aka tura, don kada takalmi ya matse. Ƙafa goma sha bakwai na tura da hannuna. Ga sabulu, ga man goge baki, ga naman gwangwani, ga man shafawa, ga cakulan na yaran layi. Baiwar Allah tana tashi daga aikin awa goma sha biyu sai ta bi shagunan da ake rangwame, yau tawul biyu, jibi safa shida, ta cusa safa cikin takalma, ta cusa man goge baki cikin safa. Na'urar kuwa ta naɗe ta da tawul uku ta sa ta a tsakiyar tsakiya. Sai ƙarshen Mayu kwali ya cika, ta hau kai ta zauna wata ƙawarta ta naɗe shi da salatif. Jirgin ruwa ya ci mako goma. Ranar tara ga Agusta aka aiko mini saƙo cewa kaya sun sauka a garinmu, tafiyar minti ashirin daga gidana.

A nan ne na shiga hannun Ofishin Sauƙaƙa wa Jama'a Karɓar Kaya, Allah ya ƙara masa ɗaukaka. An kafa shi ne don rage wahalar ofisoshi biyun da ake bi a da, kuma ya yi nasara, don in ka ɗanɗana tasa sai ka ji kewar waɗancan. A bakin ƙofa akwai Wakilin Dawo-Gobe, ban taɓa ganin wanda ya iya korar mutum da murmushi kamarsa ba. A ciki akwai Galadiman Bai-Shigo-Ba, wanda a wata uku rigarsa kawai na gani rataye a bayan kujera. Can ƙurya kuma Sarkin Hatimi ne, shi na samu gani a zuwana na shida. Ashe gaskiyar Norhaya ce ta jawo mana. Kowa in yana cika takardar kaya sai ya rubuta "kayan gida" ya huta. Ita 'yar malama ce, ta zauna ta jero komai layi-layi, a layi na arba'in da ɗaya ta rubuta "na'urar karatu, guda ɗaya".

"Bapa," in ji Sarkin Hatimi, haka ake kiran dattijo a garinmu, "wannan littafi ne ko waya?"

Na ce ba ko ɗaya, na'ura ce da ake karanta littafi a ciki.

"Littafi nawa take ci?"

Na ce an ce dubbai. Baki shi ke yanka wuya. Ya cire tabarau ya ce in dubban littattafai ne sai in kawo sunayensu da na marubutansu, kwafi uku-uku. Na ce ɗaya ne kawai a ciki yanzu. Ya ce to ɗazu na ce dubbai, yanzu na ce ɗaya, wanne hukuma za ta ɗauka? In kuma waya ce, ina lambarta? Na ce ba ta da lamba. Ya ce wayar da ba ta da lamba ai abar tsoro ce a zamanin nan. Takardarsu gida biyu gare ta, na littafi da na kayan lantarki, shi kuma ba zai buga hatimi a tsakanin gida biyu ba, yana da iyali. Na gaya masa zancen idon matata tun daga farko har ƙarshe. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ce za a kafa kwamiti.

Kuma an kafa, kada in zalunce su. Mutum tara. A zama na farko suka tattauna abincin da za a ci a zama na biyu. A zama na biyu suka gano cewa babu wanda ya taɓa ganin irin na'urar a cikinsu. Na ce ai ga ta nan a kwali, a buɗe a gani. Aka ce ba a buɗe kayan da ba a tantance ba, kuma ba a tantance kayan da ba a gani ba. Don haka biyar daga cikinsu suka tafi ƙasar waje kwana goma su ga yadda ake amfani da ita, da matansu, tunda mata ma suna karatu. Kafin su tashi suka fitar da sanarwa cewa duk irin wannan na'ura da ta shigo garin, ta ruwa ko ta sama, a tsare ta sai sun kawo rahoto. Ranar da Norhaya ta kira tana kuka ta ce za ta sayi wata ta aiko ta jirgin sama, sai da na gaya mata cewa wannan ƙofar ma ta rufe, kuma ubanta ne ya rufe ta. A watan Maris da ambulan ɗin ya wuce ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Ta nemi mai zuwa gida ya riƙo a jaka, mafi kusa sai Disamba.

Duk wannan lokaci Kairon ba ta ce mini "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, da ma ta faɗa da na ji sauƙi. Kullum da safe sai ta tsaya gaban kalandar bango ta gwada idon dama. A Agusta tana karanta kwanan wata daga tsakiyar ɗaki. A Satumba sai ta matso har numfashinta ya taɓa takardar. A Oktoba na ji tana tambayata yau nawa ga wata. In na dawo daga tasha takan ce "Yaya?", in ce sun ce Litinin, ta ce Allah ya kai mu, ta turo mini shinkafa da yajin palapa. Juzu'i na ukun na takarda yana kan cinyarta bayan azahar, ba ta buɗewa, riƙe shi kawai take yi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don duk wanda na gaya wa ya san wa ya ce a sa a kwali.

Kosain ya ce ni ne ban iya ba, ba a zuwa wajen manya hannu na dukan cinya. Ban taɓa yi ba a rayuwata, amma na sa Babo Sinab ta tuƙa mini dodol mai kyau, alewarmu ta kwakwa, na kai wa Wakilin Dawo-Gobe. Ya karɓa hannu biyu, ya kwance a gabana, ya ci, ya sam wa mai gadi, ya yaba da yadda kwakwar ta ji, ya tambayi wadda ta yi. Da ya gama ya goge hannu ya ce in dawo gobe.

Mutum ɗaya ce a ofishin nan ba zan naɗa mata sarauta ba, sunanta Monera, ita ke shigar da takardu a kwamfuta. Ranar da ta ji sunan matata sai ta miƙe tsaye, ta ce Malama Kairon ce ta kama hannunta ta koya mata rubuta sunanta. Ita ce ta zauna ta karance dokokinsu tsaf, ta gano wani gida na uku a bayan takardar da kowa ya manta da shi, na kayan taimakon marasa lafiya, ta bi Sarkin Hatimi har wajen cin abinci ya buga kafin ya gane abin da ya buga. Ranar sha huɗu ga Oktoba ke nan. Na ce alhamdu lillahi, a ba ni kayana. Sai ta sunkuyar da kai. Ashe Mai Girma zai ƙaddamar da sabon shiri mai suna Kwalinka Cikin Kwana Uku, kuma ana bukatar kwalaye masu yawa a bayansa in za a ɗauki hoto, saboda haka an hana fitar da ko ɗaya sai ranar biki. Ta kai ni bayan sito ta nuna mini ta ramukan shinge. Ga shi nan, taku goma tsakanina da shi, da rubutun Norhaya a jiki.

"'Yata," na ce, "ba kwalin nake so ba. Ku riƙe takalman, ku riƙe cakulan. Ki ba ni reza in tsaga gefe in zaro abu ɗaya, in mayar da salatif."

"Bapa, an ƙirga su, an ɗauki hotonsu. In aka ga tsaga ni za a kora, ga ni da 'ya'ya uku." Ta share ido da gefen mayafinta. "Ka gaya wa Malama na yi iya yina."

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

Sau uku aka ɗage bikin. Na farko Mai Girma ya tafi taron yaƙi da jinkiri a wata ƙasa. Na biyu aka ce jan ƙyallen da za a yanka bai iso ba, an yi odarsa daga waje, yana tsare a wani ofishi. Na ji daɗin wannan ƙwarai, Allah ya yafe mini. Na uku ruwa aka yi, kuma ba a jiƙa Mai Girma, kwalaye ne kawai aka yarda su jiƙe. Wakili kullum sai ya tuna mini cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai a shekaruna ban taɓa haɗuwa da wanda ya sha romon ba.

To yau dai aka yi. Mai Girma ya yi jawabi na minti hamsin. Ya kira 'ya'yanmu da ke ƙetare jarumai, ya ce guminsu amana ne a wuyansa, ya ce daga yau babu kwalin da zai kwana huɗu a garin nan. Da aka zo miƙa kaya ni aka fara kira, don mai ɗaukar hoto ya ce yana son tsoho mai farin gemu. Mai Girma ya kama hannuna, nasa hannun laushi kamar na jariri, ya tambaye ni ko na gamsu da hidima. Tun watan Agusta nake haɗa maganar da zan gaya masa, na tsara ta a cikin jifni, na maimaita ta a banɗaki, babu abin da na bari. Na buɗe baki, na ga lasifika, na ga jama'a, na ga kwalin a gefen ƙafarsa bai riga ya zama nawa ba. Na ce na gamsu, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Aka yi tafi.

Mun iso gida bayan la'asar, kwali a kan keken Kosain ni ina riƙe da igiya. Abin da na nema na samu: layin nan kaf ya fito, Babo Sinab ta zagaya shi sau biyu ta ce ya fi nata girma. Aka tsaga salatif, ƙamshin sabulun ƙetare ya cika falo. Cakulan ya narke ya zama dunƙule guda, naman gwangwani biyu sun kumbura, yara uku ƙafarsu ta wuce zanen da aka tura. Duk da haka kowa ya samu rabonsa, aka yi ta sa wa Norhaya albarka. Ni hannu na tura tsakiya har kafaɗa na zaro na'urar. Lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu. Na sa ta a caji, Allah ya taimaka akwai wuta. Sai da jama'a suka watse sannan na kai wa Kairon ita bakin taga, da sauran hasken rana.

Ta shafa ta gaba da baya, ta ce ba nauyi. Na buɗe mata juzu'i na uku, shafin farko. Ta kawo ta kusa da fuska, ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta ce in ƙara. Na yi ta dannawa har kalma huɗu suka cika shafin, har abin ya daina amsawa.

"Ƙara kaɗan, Baban Norhaya."

"Ya ƙure."

Ta daɗe tana kallo, tana karkata kai hagu da dama tana neman inda ganin ya rage. Sannan ta ɗora ta kan cinya ta rufe da hannu biyu. Ta ce in Norhaya ta kira in ce mata haruffan manya ne, zaɓin ya yi kyau, don gaskiya ne ya yi kyau. Na ce mata ni na yi wannan, ba ciwo ba, ba Sarkin Hatimi ba, ni ne, ta yafe mini. Kuka nake yi, ba zan ɓoye muku ba. Ta ce in tashi in kwashe ledojin da aka watsar kafin wani ya zame.

Ina cikin kwashewa na ji muryarta tana fita a hankali, gaɓa-gaɓa. Na juyo. Ta fuskanci kwalin da ke tsakar falo, babu komai a cikinsa. Ashe a wajen biki sun manna wata takarda a gefensa, ni ban ko kula ba, ja da fari, kowane harafi ya kai tafin hannuna.

"Hi-di-ma," ta ce, "ci-kin gag-ga-wa. Da-ga..." Ta karanta sunan Mai Girma har ƙarshe, da duk muƙamansa, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, na dai yi karatu yau."

Saboda haka masu cewa manyanmu ba su damu da talaka ba, ku ji tsoron Allah ku daina. Likita ya kasa, Kanada ta kasa, ni mijinta na kasa. A duk faɗin ƙasar nan Mai Girma kaɗai ya san girman rubutun da ya dace da idon matata.